Gashin Wutsiyar Fara

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na so, da ranar da aka kira sunana a gaban dukan ajinmu saboda wutsiyar jaki.

Ina da taguwa, wato raƙuma, sunanta Fara. Kakana ne ya ba ni ita ranar sunana, tana 'yar jaririya kamar ni. Uwarta kuwa Tsintuwa ake ce mata, domin wata shekarar fari ta biyo garken kakana daga rijiya, ba shaidar kowa a wuyanta. An yi cigiya a kasuwar Tanut har aka gaji, ba wanda ya zo. A gidanmu ba a cika son wannan zance ba.

A hutun da nake aji biyu na kolej, wata farar mota ta tsaya a rijiyarmu, kusa da Gangara. Wata mata ta fito, mai tabarau da takalmin maza, aka ce daga jami'a take. Ni ba mai magana ba ce, amma ina da ido. Na tsaya bayan Baba ina kallo. Kowane raƙumi sai ta tsinko gashi daga wutsiyarsa, ta duba saiwar, ta saka a ambulan. Kuma tambayarta ɗaya ce: "Wace ce uwarsa? Daga ina uwar ta fito?" Uba, ko sau ɗaya ba ta tambaya ba.

To a wajenmu ba a bin uwar raƙumi haka siddan. Sai an yi sata, mai dabba ya zo gaban maigari, sannan za ka ji ana lissafa uwa da kaka. Kenan wannan mata wani ne ya turo ta.

Da aka zo kan Fara, Baba (Allah ya sani, bai iya ɓoye komai ba) ya ce, "Uwarta baƙuwa ce, Madam. Tsintarta aka yi."

Sai na ga idon matar ya yi haske. Ta ce, "Baƙuwa? Madalla!" Ta zana tauraro a kan ambulan ɗin. Sauran duk ba su da tauraro. Baba ya ƙara da cewa, "Ta wannan yarinyar ce, rubuta sunanta."  A raina har na ga Fara a bayan babbar mota, ana tafiya da ita.

Da azahar suka tafi salla. Matar ta aje kwalin ambulan a inuwar aduwa ta ce, "'Yata, kula min da wannan, na ga ke mai hankali ce."

(Mai hankali!)

Na zaro mai tauraron, na zubar da gashin Fara a rairayi. Jakarmu na nan kusa tana jiran jarkoki. Na lura Madam da saiwa take tsinkowa, don haka ni ma na tsinko gashin wutsiyar jakar da saiwa. Jakar ta kai min shuri a ƙauri, na haɗiye kukan. Na liƙe ambulan da miyau, na mayar, na zauna na naɗe ƙafa kamar wadda ba ta san komai ba.

Wata bakwai ina jin kaina jaruma. Sai wata safiya malamin kimiyya, da muke ce wa Mushe, ya shigo aji, bayansa ga tabarau da takalmin maza.

Ta yi mana bayani a allo. A cikin saiwar gashi, in ji ta, akwai wani gado da uwa kaɗai ke bayarwa, ita ma daga uwarta ta samo, haka har can baya. Da shi suke gane yadda raƙuman gida suka yaɗu, yadda ayari ya cakuɗa namu da na ƙasashe masu nisa, da bambancinsu da raƙuman daji masu tozo biyu da suka rage a wata hamada ta Asiya. Ba ɓarawo, ba maigari. 

"Amma akwai guda da ta ba mu wahala," ta ce. "Ita na fi ɗoki a kai. Sau uku muka gwada, sau uku na'ura ta ce uwar wannan taguwa jaka ce."

Aji ya fashe. Wata ta ce, "Mushe, to haniniya take ko kuka?" Madam ta ɗaga takarda ta karanta sunan mai taguwar.

Na miƙe. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. "Madam, don Allah kada ku ɗauke ta. An yi cigiya, wallahi an yi."

Ta cire tabarau ta dube ni. "In ɗauke ta in kai ina, 'yata? Ɗakina a birni ko akuya ba ta shiga." Sannan ta ce, "Ke kika sa gashin?"

Na gyaɗa kai.

"Da saiwa kika tsinko kuwa. Aikin ya yi kyau. Dabbar ce dai ba ita ba."

Mushe ya riƙe teburi yana dariya har da tari. Daga ranar na koma Mai Jaka a kolej, har wanda bai san sunana ba ya san wannan. Baba da ya ji, sai ya ce, "Ashe ɗingishin nan da kika yi mako guda ba ƙaya ba ce."

Bayan an tashi na bi Madam bakin mota, na tambaya ko za ta sake zuwa ta tsinki na gaskiya. Ta ce an rufe aikin. Da na bar gashin Fara a ambulan, ƙila da mun san ko dangin uwar Fara sun yi kama da na gabas ko na arewa. Yanzu abin da kimiyya ta sani game da gidanmu shi ne jakarmu, kuma ba wanda ya tambaya.

Fara na nan, ta haihu biyu. Ni kuma na koyi cewa ido kaɗai ba ya isa. Tambaya guda da na ji kunyar yi a bakin rijiya, sai da na biya ta a gaban aji guda.