Kamun Farko da Sandar Fatsata Ta Yi

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya share mini komai, da ranar Lahadin da na ɗauki surukina zuwa bakin Komadugu don in koya masa kamun kifi. Mutumin nan a cikin kwalekwale ya yi wayo, a cikinsa ya yi furfura. Ni kuwa ɗan 'yan kasuwa ne daga Damagaram, a bayan kantar shagon mahaifina na tashi a nan Diffa, kuma har zuwa ranar ban taɓa riƙe kifi mai rai ba. (Kifin da na sani shi ne wanda Falmata, matata, take ɗorawa a kan shinkafa.)

Kafin ku yi mini dariya, ku bari in faɗi dalilina, don niyyata mai kyau ce.

Baba, wato surukin nawa, ya zo gidanmu ne bayan masu bindiga sun tarwatsa ƙauyensu da ke can gabas a bakin kogi. Kwalekwalensa da tarunsa duk a can ya baro su, da rigar jikinsa kawai ya iso. Muka gyara masa ɗakin zaure. Kun san nauyin da ke kan dattijo idan ya zauna a gidan mijin 'yarsa, shi ma ya sani. Daga masallaci sai tabarmarsa a gindin dogon yaro, ya zauna yana kallon bango. Idan na gaishe shi ya amsa da kalma biyu, ni ma in sunkuyar da kai in wuce, kamar yadda surukai suke yi. Abinci kaɗan yake taɓawa. Da aka yi wata biyar sai ya fara cewa zai koma gida, gara ya mutu a inda yake jin warin ruwa. Falmata ta shiga ɗaki ta yi kuka, ta ce in yi wani abu, don idan ya tafi ba ta jin za ta sake ganinsa.

Ina aikin kula da sito a wata ƙungiyar agaji. Wata rana a biro, wato ofishinmu, lokacin hutun azahar, ina ta latsa waya sai na ci karo da bidiyon wani Bature yana tsaye a cikin ruwa har ƙugu. Da wata doguwar sanda siririya a hannunsa, yana kaɗa igiya gaba da baya a iska kamar mai bulala. Ba tana a ƙugiyarsa, ba gari, sai ɗan gashin tsuntsu da ya ɗaure ya yi kama da ƙwaro. Yana ajiye ƙwaron ƙaryar nan a kan ruwa, kifi ya yi tsalle ya cafke. A ƙarƙashin bidiyon akwai wani da ke nuna yadda mutum zai haɗa irin sandar a gida. Na kalle shi sau huɗu. A na biyar na riga na ga kaina ina miƙa wa Baba sandar, yana kallona da idon da ake kallon surukin kirki.

Mako uku na yi ina aikin, kullum daga la'asar zuwa magariba. Na sayo gora doguwa a wajen masu kayan rufin ɗaki, na fere ta da wuƙa har ta yi siririn kai, na goge ta da takardar yashi. Na lanƙwasa waya na yi ƙananan zobba da igiya za ta bi, na ɗaure su a jikin gorar da zaren ɗinkin hular Falmata, na shafe ɗaurin da jan farcenta don kada ruwa ya ci. (Wannan ba ta yafe ba har yau.) Mariƙin na naɗe shi da robar taya. Abin naɗe igiya kuma kwarkwaron zare ne babba da wani tela ya ba ni. Baturen ya ce dole igiyar ta yi nauyi, ni kuwa na samo igiyar magina na murza ta da kakin kyandir. Gashi kuwa, zabin maƙwabciyarmu sun ba da gudummawa ba da son ransu ba.

Sai ƙugiya. A bidiyon 'yar ƙarama ce kamar ƙwayar shinkafa. Mai shagon da na je ya zube mini iri-iri, na zaɓi babba, wadda ake kama tarwaɗa da ita. Na ce a raina ai ni ba wasa na zo yi ba.

Duk aikin nan a tsakar gida na yi shi, taku uku daga tabarmar Baba. Na lura ya daina kallon bango, ya koma kallon hannuna. Sau ɗaya, ranar da nake ɗaura gashin zabo, ya yi gyaran murya kamar zai ce wani abu. Ban ba shi dama ba. Na shiga yi masa bayani, cikin ladabi dai, kai a sunkuye, cewa wannan sabuwar dabara ce ta zamani, kifi da ido yake farauta, kuma masana sun gano tana ba ta da wani amfani. Ya gyaɗa kai ya ce, "To, madalla." Ni kuwa na ɗauka yabo ne.

Ranar Asabar Falmata ta roƙe shi ya raka ni. Da farko ya ƙi, daga baya ya ce ba zai bar baƙon ruwa ya je kogi shi kaɗai ba. Lokacin an ɗan sassauta dokar hana shiga kogi, ana barin mutane su kama kifi a gefenmu da rana. Da hantsin Lahadi muka fita, ni da sabon yadi fari ƙal da sandata a kafaɗa, Baba yana biye da ni da carbinsa. Gorar ta ƙi shiga taksi, sai da na riƙe ta ta taga, rabinta a waje, direba yana ta kallona ta madubi.

Kogin ya cika, ruwan ja kamar kunun kanwa. Gonakin tattasai sun yi kore har bakin gaɓa, injinan ban-ruwa suna ta ƙugi. Can ƙasa da mu mata suna wanki, nan kusa kuma wani manomi, mai suna Malam Bukar kamar yadda na ji daga baya, yana kwance injinsa. Da muka iso, Baba ya tsaya cak. Ya ɗebi ruwa da tafin hannu ya shinshina, ya shafa a fuska. Da ina da hankali da na tsaya a nan na bar shi. Amma ni na zo da darasi.

Na ce ya ɗan matsa baya don igiyar tana buƙatar fili. Na ware ƙafa kamar Baturen. Na zaro igiya, na kaɗa baya, na kaɗa gaba. Karo na farko ta zube a gabana kamar taliya. Karo na biyu ta naɗe a reshen gabaruwa, sai da Malam Bukar ya zo ya taya ni cirewa, ya kuma tsaya kallo bai koma kan injinsa ba. Matan ma sun bar wanki. Na ji idanu a kaina, na ce a raina matsalar ƙarfi ce, ban sa isasshe ba. Karo na uku na tattara duk abin da Allah ya ba ni, na wurga igiyar baya, ban jira ta miƙe ba na fizgo ta gaba.

Sandar ta lanƙwashe, igiya ta yi tauri. Wallahi na ɗan lokaci na yi murna, na ɗauka kifi ne, har na ƙara ja. Sannan saƙon ya iso. Ƙugiyar tarwaɗa ta ratsa farin yadina ta nutse a mazaunaina na dama, gashin zabo yana kaɗawa a waje kamar tuta.

Ban yi ihu ba, wannan kam ina alfahari da shi. Na dai tsaya a miƙe, sanda a hannu, ina kallon Najeriya a tsallaken ruwa ina tunanin ko in yi iyo in koma can da zama. (Ban iya iyo ba.) Na kai hannu baya in cire a ɓoye, na ja kaɗan, sai na ga taurari da rana tsaka. Ɗan haƙorin nan da ke hana ƙugiya fita daga bakin kifi yana aikinsa yadda ya kamata. A cikin matan wata ta fara dariya, wata ta kwaɓe ta.

Baba ya zagayo bayana ya duba. Ku tuna, mutumin nan ko abinci ban taɓa ci a gabansa ba, ko sunansa ban taɓa kamawa ba. Na ce masa ba komai, zan tafi asibiti a haka. Ya tambaye ni a kan me zan zauna a taksi.

"Kwanta, ɗana," ya ce. "Na cire irinta a jikin mutane fiye da yadda zan iya tunawa."

Ya tuɓe babbar rigarsa ya ba Malam Bukar ya ware ta tsakaninmu da matan. Ya ce a ara masa filayar gyaran inji, ya ƙona bakinta da ashana. Na kwanta rub da ciki a kan yashi, na cusa fuska a cikin hulata. Na ji ya yanke igiyar, ya tsaga wandon da 'yar wuƙarsa. Ya yi mini bayani da muryar da ban taɓa jin ya yi amfani da ita ba a gidana, murya mai ƙarfi ta mai sana'a, cewa ƙugiya ba ta komawa ta inda ta shiga. Sai dai ya tura ta gaba, bakinta ya ɓullo ta wani wuri, ya datse haƙorin, sannan ya zare. Ya ce in yi salati. Na yi salati, na ƙara da wasu addu'o'in da ban san na haddace ba. Na ji ƙas, sai kuma wani sanyi.

"Wushe," ya ce, wato sannu da yarensu. Ya danna wurin da gefen rawaninsa har jinin ya tsaya.

Ina kwance ban ɗago ba, sai na ji hannun da ke danne da ni yana rawa. Na ɗauka tsufa ne. Na leƙo ta ƙarƙashin hula, na ga Baba ya cije leɓe, hawaye yana bin gemunsa, kafaɗunsa suna girgiza. Malam Bukar ya ce, ai ko ba komai kamun ya yi kilo saba'in. Nan Baba ya saki. Ya zauna daɓas a yashi yana dariya har da tari, yana neman gafarata yana ƙara fashewa. Wata biyar ban ga haƙoransa ba. Ni ma, da fuskata cike da yashi da wandona a tsage, na sami kaina ina tayawa, ko da yake kowace dariya sai ta ja mini ciwon.

Da ya natsu sai ya ɗauki sandar. Ya lanƙwasa ta, ya duba ɗaurin zobban ɗaya bayan ɗaya, ya ce hannuna yana da kyau, wanda ya yi wannan ɗaurin zai iya saƙa taru. Gashin zabon kuwa ya jefar. Ya ce a ruwa ja irin wannan kifi ba ya ganin ko ɗan'uwansa, da hanci yake cin abinci. Ya zaro wata 'yar ƙugiya daga cikin naɗin hularsa, ashe tun daga ƙauye take tare da shi, ya tono tana a bakin kwatar gona, ya ajiye igiyar a hankali kusa da ciyawa. Ba kaɗawa, ba bulala. Kafin azahar ya fito da karfasa shida da tarwaɗa ɗaya, ni ina kwance a gefe ɗaya ina riƙe masa su a cikin hular da na ɓoye fuskata.

Na tambaye shi me ya sa bai hana ni ba tun a gida. Ya ce, "Ba ka tambaye ni ba. Ni kuma baƙo ne a gidanka."

Wannan ta fi ƙugiyar shiga.

Da rigarsa na rufa muka dawo, ina durƙushe a kujerar bayan taksi ina fuskantar inda muka fito. Falmata ta ga kifi, ta ga ubanta yana ba da labari da hannu da ƙafa, ta ga mijinta yana tafiya kamar agwagwa, ta rasa wanda za ta fara tambaya. Maganar komawa ƙauye ba ta sake tashi ba. Yanzu da sassafe yake fita kogi, shi da Malam Bukar sun haɗa kai suna gyaran wani tsohon kwalekwale, ni kuma ina bin su ranar Lahadi, aikina tono tana.

A asibiti da yamman ranar da abin ya faru aka ce dole a yi mini allurar tetanos. Ma'aikaciyar ta duba ɓangaren dama ta ce ya sha wahala, sai ta soka a hagu. Mako guda a tsaye na yi aiki a biro, har a wajen taro, shef, wato shugabanmu, ya yaba mini a gaban kowa ya ce matasa su yi koyi da kuzarina.

Abin da na koya shi ne, idan za ka taimaki mai sana'a, ka fara da tambayarsa, ko da kunya za ta kashe ka. Kunyar tambaya a zaune ake jin ta. Ɗayar kuwa ba ta barin mutum ya zauna.