Rasuwar 'Yar Fari, Motar da Taƙi Ɗaya Ya Hana Ta Ganin Titi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda ta cika har tana neman tumbatsa, Baba Mai Walda yake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, da maƙwabtan da suka sha hayaƙi ba su kai ƙara ba, rasuwar motarsa, Taƙama 'Yar Fari. Ta cika da hantsi a tsakar gida, daidai inda aka haife ta, domin duk tsawon rayuwarta ba ta taɓa fita ƙofar gidan ba.

Ga waɗanda ba su san asalin marigayiyar ba, Taƙama sunan kamfanin motoci ne da Baba ya kafa tun yana da baƙin gashi. Shi ne shugaba, shi ne mai zane, shi ne lebura, kuma har yau kamfanin bai ɗauki ma'aikaci na biyu ba. Burinsa ya ƙera jerin motoci irin na mutanen da, masu dogon bonet da fitilu zagayayyu, waɗanda in sun wuce sai an waiwaya. Da ita ya fara. Injin wata tsohuwar tasi ya sa mata, jikin kuwa da hannunsa ya buga shi, a tsakar gida, don shagonsa ba ya cin mutum biyu balle mota.

Kada wani ya ce bai auna ƙofar gida ba. Ya auna da igiya, har ya ƙulla mata alama. Abin da ya faru shi ne, ranar da ya kafa kujerun gaba sai ya kira maiɗakinsa, wadda kowa ke kira Inna, ta zo ta gwada tata. Inna mace ce da Allah ya hore wa jiki. Ta shiga da ƙyar, ta fito da ƙyar, ta ce, "Malam, wannan ai tarko ka ɗana min. In dai da ni za a yi yawon, a ƙara min wuri." Maganar ta shiga ran Baba. Ya tsaga motar ta gefen Inna, ya ƙara taƙi ɗaya na hannunsa, ya liƙe da walda ta gani ta faɗa. Igiyar kuwa tana rataye a ƙusa, ba wanda ya tuna da ita.

Ranar fita unguwa ta taru. 'Yar Fari ta taho tana rangwaɗa, ta zura hancinta a ƙofa, ƙugu ya ce sam. Taƙin nan ɗaya ne ya tokare. Gefen hagu katangar maƙwabci ce, wani tela, ba ta taɓuwa. Gefen dama bangon ɗakin Inna ne. Baba ya ɗauko guduma ya tsaya yana kallon bangon. Inna ta fito ta riƙe ƙugu ta ce, "Ɗakina za ka rusa saboda gwangwani? Sai dai bayan raina!" Ya mai da gudumar inda ya ɗauko ta.

An shaidi marigayiyar da halaye na gari. Ba ta taɓa yin hatsari ba, ba ta taɓa kaɗe ko kaza ba, ɗan sanda bai taɓa ɗaga mata hannu ba. Kullum da safe in Baba ya murza makulli sai ta yi gyaran murya, kir-kir-kir, gwaf, sannan ta kama gudu-gudu-gudu har kwanukan gidan su amsa. Ya ja ta har bakin ƙofa, ya dawo da baya har gindin famfo, ya sake. Inna tana gefensa a kujerarta mai faɗi, tana gyaran kayan miya, tana cewa, "Malam, a hankali, ga rami can." Shi kuma ya danna ham, faaf-faaf, wai mutane su ba da hanya. Haka suka zagaye duniya ba su bar tsakar gida ba.

Da Allah ya yi wa Inna rasuwa, baƙi suka watse, sai tela ya matso ya yi ƙasa da murya ya ce, "Baba, ai yanzu hanya ta buɗe. Ita da bakinta ta ce sai bayan ranta." Baba ya ɗauki gudumar ya shiga ɗakin. A jikin bangon da zai fasa ya tarar da mayafinta a rataye, inda ta saba rataye shi. Ya daɗe a ciki, ya fito bai taɓa komai ba. Amininsa bakanike ya kawo tasa dabarar, ya ce, "To a yanke taƙin nan mana, ai ba wani aiki ba ne." Baba ya dube shi ya ce, "Wurin wa za a yanke?" Mafita biyu ce, ɗakinta ko kujerarta, kuma ba wadda zuciyarsa za ta iya taɓawa. Tun daga ranar shi ma ya maƙale tare da motar, ya sani, abin yana cinsa.

'Yarsa nas, wadda take kiran motar Yaya don gatse tunda ta ƙwace mata sunan 'yar fari, ta gyara masa ɗaki a gidanta. Ƙafafunsa sun fara kumbura, ya taɓa faɗuwa a tsakar gida ba kowa kusa. Ta yi roƙo, ta yi kuka, ta ce, "Baba, ka taho mana. Yaya ba za ta kai ka asibiti ba." Amsarsa ba ta canzawa: "In na tafi, wa zai tayar da ita?"

Jinyar marigayiyar ta fara ne da tari. Sai yoyon baƙin mai, sai hayaƙi mai sa ido ruwa. Jiya ta yi kir-kir sau ɗaya, wani abu ya ce ƙas a cikinta, ta yi shiru. Bakanike ya kara kunne a injin, ya ɗago ya cire hularsa ya ce, "Baba, injin ya buga. Sai haƙuri."

Ta rasu ta bar ƙannenta a jikin bangon tsakar gida, zane da fenti, waɗanda ba a kai ga haihuwarsu ba. Akwai Taƙama Ɗan Dako, a-kori-kura mai faɗin kafaɗa, da Taƙama Zakara marar rufi, ta samari masu son iska, da Taƙama Uwar Marayu, bas ɗin da ba ta barin kowa a hanya. Autarsu wata 'yar ƙarama ce da Inna ta raɗa wa suna Ka-Auna-Tukuna. Ruwan sama ya riga ya wanke tayoyin yawancinsu.

Za a yi jana'iza gobe da safe. Baba da kansa zai yanka ta, ya ce hannun da ya haɗa shi zai raba. 'Yan gwangwan za su fitar da ita gunduwa-gunduwa a kafaɗa, ta ƙofar da ta gagare ta, ta ga titi karon farko. Ana roƙon masu halarta su riƙe "da ma" ɗinsu a gida.

Kujerar Inna da taƙin da ke jikinta ba za su bi gawa ba, ɗakinta za a shigar da su. Baba ya auna ƙofar ɗakin da igiyar nan, ya sake aunawa, za su shiga. Nas ta riga ta haɗa masa jaka, ta ce, "To Baba, yanzu ai babu abin tayarwa." Masu ta'aziyya za su same shi a ɗakin, zaune a ƙasa kusa da kujerar, ta gefen direba.