Yadda Na Zama Injiniyan Turai a Layin Gas

Jama'a, yau da safe Mma Sanatu ta hana ni waakye. Shekara ashirin da shida ina tsayawa a rumfarta ta unguwarmu Maamobi kafin in fita da tasi, ba ta taɓa tambayata me za a zuba ba: shinkafa da waken nan nata mai ja, taliya kaɗan, garin rogo, sai yajin shito har hanci ya kawo ruwa. Yau na miƙa kwano, ta dube ni sama da ƙasa, ta mayar da murfin tukunya.

"Babu," in ji ta.

Na ce, "Haba Mma, ga tukunya cike tana tururi."

"Na ce babu! Injiniya ba ya ci a wurin da za a rushe. Juya, Lauwali, ka ga aikin hannunka."

Na juya. A jikin katakon rumfarta an shafa jan fenti, an rubuta ta kwashe kayanta kafin la'asar ɗin yau. A bakin filin kuma an kafa allo wanda ya fi bangon ɗakina faɗi. Sama ga fuskar Mai Girma Ciyaman yana murmushi, ƙasa ga hoton wani wurin shaƙatawa mai liluka da furanni da ƙorama, an rubuta wai yana nan tafe. Ai na san hoton nan. Na san kowane benci da kowane kwandon shara da ke ciki. Ni na zana shi. Tsuntsun da ya ja ruwa, ai kun san wa ruwa kan doka.

Bari in koma baya kaɗan, kada ku ce tsufa ya fara taɓa ni.

Wanda ya san lungunmu ya san Filin Harsashi, ɗan filin da ya rage mana a gefen babbar kwata. Nan muke kafa rumfunan suna da na aure, nan ake zaman addu'a, nan ake buga ƙwallo in ba biki. Sunan kuwa ya samo shi da gumin goshinsa, don sau uku ana aza masa harsashin wurin wasa. Duk ukun Mai Girma Ciyaman na Kwamitin Ƙawata Unguwa ne ya aza, Sarkin Almakashi, Uban Alƙawari, Allah ya ƙara wa cebur ɗinsa kaifi. Yakan zo da sabon cebur ɗaure da ƙyalle, ya ɗebi ƙasa sau ɗaya, a ɗauki hoto, ya tafi da cebur ɗinsa. Ni ban ga laifinsa ba. Mutumin da ya aza harsashi uku a wuri ɗaya ai ƙarfin gini yake nema mana. Waɗanda aka yi wa alƙawarin lilo a harsashin farko, yanzu a filin nan suke raɗa wa 'ya'yansu suna.

A kusurwar filin, ƙarƙashin bishiyar darbejiya, rumfar Mma Sanatu take. Tun da mijinta ya rasu, tukunyar nan ce ta riƙe mata gida, ita ta yaye 'ya'ya huɗu daga makaranta. In aka tashe ta daga nan ba ta da wani nan ɗin.

To ni tasina da gas take tafiya, kuma kun san halin gas: ran da ya ga dama ya ɓace sai ka kwana biyu kana bin layi. A layin nan nake kunna rediyo in ji manya suna alƙawari, in yi ta mayar musu da martani ni kaɗai a mota har jinina ya hau. 'Yata Hafsatu, wadda ke aikin jinya, ta gwada jinin ta kama baki. Washegari ta kawo mini tsohuwar kwamfutarta ta hannu, mai kamar faranti, ta sa mini wani wasa a ciki.

"Baba," ta ce, "tunda ka fi kowa sanin yadda ake aiki, ga fili nan an ba ka. Gina naka wurin wasan mu gani, ka ƙyale rediyo ya huta."

Wasan dai haka yake: a ba ka ƙasa fetal, kai za ka ja hanyoyi, ka dasa liluka, ka gina banɗaki da rumfunan abinci, sannan ka buɗe ƙofa wasu 'yan mutane ƙanana kamar tururuwa su shigo. Na ce wannan ai mai sauƙi ne, na ga yadda manya ke yi. Na kafa ƙofa mai ado, na sa allo, na buɗe. Mutanen suka shigo, suka duba gabas suka duba yamma, suka juya suka fice. Ko tafi ɗaya ba su yi mini ba, marasa tarbiyya. Na nemi maɓallin kafa kwamiti, babu. Na nemi na yanke ƙyalle, babu. Na ce lallai wanda ya ƙera wasan nan bai taɓa riƙe muƙami ba.

Abin da ya fi ba ni haushi, in ka taɓa kan kowane ɗan mutum sai wasan ya nuna maka abin da ke ransa. Wannan ya ce yunwa yake ji. Wancan ya ce ƙafarsa ta gaji, babu wurin zama. Wata ta ce ta zagaya ko'ina ba ta ga banɗaki ba. Kuma ba ka da damar cewa 'yan adawa ne suka turo su. Ko ka gyara, ko su tafi su bar ka da filinka. Na gina musu jirgin nan da ke hawa sama ya juya da mutum kai ƙasa ƙafa sama, na manta gaɓa ɗaya ta dogo ban haɗa ba. Na ce a buɗe haka, ma ƙarasa bayan zaɓe. Wasan ya ƙi. Wai sai jirgi ya zagayo lafiya babu kowa a ciki kafin a ɗora ɗan Adam. Ku ji fa iyayi!

Layin gas uku na ci kafin wurin ya tsaya da ƙafarsa. Kuma ba zan ɓoye muku ba, Filin Harsashi na zana, da bishiyarsa da kusurwoyinsa. Babbar kwata na mayar da ita ƙorama mai ruwa garai-garai ana tuƙa kwale-kwale. Ran da na ga 'yan mutanen nan sun cika wurin suna tsalle, wallahi sai da idona ya yi ƙwalla, na share da sauri kada direban da ke bayana ya gani.

Na kai wa Mma Sanatu ta gani. Ta goge hannu a zani, ta ƙura ido.

"Saa, haka ne? To ni ina nake? Ka ba kowa wuri, ni ka kore ni? Sa rumfana a gindin itacen nan, ka rubuta sunana babba. Rufin ya zama shuɗi, ba na son ja koraa, ko kaɗan."

Na sa mata rumfa mai shuɗin rufi, na rubuta sunanta a goshinta. Nan da nan 'yan mutanen suka yi layi a gabanta, ta yi ta dariya har tana riƙe ciki.

Da na tsaya nan da an zauna lafiya. Amma ɗan Adam da son a yaba masa! Na tsayar da wasan, na ɗauki hotonsa, na jefa a zauren WhatsApp na unguwa, na rubuta a ƙasa: ga abin da aka yi shekara goma sha huɗu ana aza wa harsashi, na gama shi a layin gas. Aka yi ta dariya. Na manta cewa Saaka yana zauren. Saaka kuwa shi ne mai riƙe wa Ciyaman jaka da laima, wani lokaci har da baki. Mako biyu ke nan. Sauran labarin shi ne allon da na gani yau da safe.

Na ce wa Mma Sanatu, "Ki yi haƙuri. An jima in sun taru zan tashi in faɗa wa duniya cewa wasa ne na zana a mota." Na faɗa ne dai, amma tsoro nake ji, don tashar da nake ɗaukar fasinja ma 'yan kwamitin nan suna da baki a cikinta.

Ta tafi gindin allon da ludayinta a hannu, ta daɗe tana kallo, sannan ta dawo.

"Kada ka ce komai koraa. Kai dai ka zo da tabaronka, ka tsaya kusa da ni."

Da la'asar fili ya cika. An kafa rumfuna, an jera kujeru, ga masu ɗaukar hoto, ga sabon cebur na huɗu yana ƙyalli. Can gefe ƙarti shida da guduma suna jiran a gama jawabi su sauke rumfar Mma. Mai Girma ya hau mumbari ya ce wannan zane ba na wasa ba ne. Ya ce injiniyoyi ne daga Turai suka yi wata shida ba barci suna auna filin nan. Na ji kaina ya yi girma. Ashe ni Bature ne, iyayena ba su taɓa gaya mini ba.

Yana cikin magana Mma Sanatu ta kutsa gaba, tana jana a hannun riga.

"Ciyaman, ranka ya daɗe, ni tsohuwa ne, ban je makaranta ba. Tambaya ɗaya. Wannan hoto, duk abin da yana ciki za a yi shi? Ko za a cire wani?"

Mai Girma ya dafa ƙirji, ya juya wajen masu hoto. "Uwata, ko tsinke ba za a cire ba. Abin da kika gani shi za a yi. In aka canza ɗigo ɗaya, ku kira ni maƙaryaci a bainar jama'a."

"Yoo, medaase," in ji ta, wato ta gode. Ta ɗaga ludayi ta nuna gindin bishiyar da ke cikin hoton. "Lauwali, idona ba ya gani. Karanta wa Ciyaman wannan rumfa mai shuɗi, me an rubuta?"

Na sa tabarau, na gyara murya, na matsa kusa da lasifika yadda na bayan kwata ma zai ji. Na karanta: "Waakyen Mma Sanatu."

Nan take mata suka ɗauki guɗa. Na dubi Saaka, zufa ta jiƙa masa wuyan riga. Ya san inda hoton ya fito, ya san na san ya sani, amma da wane baki zai faɗa? Zanen aro dai ba ya rufe katara. In ya ce kuskure ne, injiniyoyin Turai sun tashi a banza. In Ciyaman ya ce a rushe, ga kalmar maƙaryaci da ya ajiye da bakinsa ko sanyi ba ta yi ba.

Amma ku zo ku ga gwaninta, don ba a banza mutum ke zama babba ba. Mai Girma ko ƙifta ido bai yi ba. Ya ce ai da gangan ya umarci Turawan su sa uwarmu a zane, don shi ba ya wasa da sana'ar mata. Ya ce jan fentin nan kuskuren ƙananan ma'aikata ne, za a kafa kwamiti a bincika. Ƙartin da suka zo da guduma aka ba su tsumma da kananzir suka hau goge katako. Da ya waiwaya ya ga babu wani abu tsayayye a filin da za a buɗe, sai ya sa aka ɗaura ƙyalle a ƙofar rumfar, ya yanke, ya ce an kammala kashi na farko na aikin.

Saaka ya same ni a bayan kujeru. "Cale, abokina Alaji, ka cire rumfan nan ka turo mini sabon hoto, abi, ba kai ne ka yi ba?"

Na ce, "Ni? Ni direban tasi ne. Ka rubuta wa Turai."

Lilo dai na san ba za mu gani ba, ba kuma za mu tuƙa kwale-kwale a kwata ba, wannan ko jariri ya sani, kuma yana mini ciwo. Amma gobe da safe tukunyar nan za ta yi tururi a gindin darbejiya, kuma duk ran da wani ya zo da jan fenti, ga allon Mai Girma tsaye yana gadinta. Da taro ya watse Mma ta karɓi kwanona ta cika, ta ɗora ƙwai da ganda ban tambaya ba.

"Ci, Bature," in ji ta. "Amma rufin da ka yi alƙawari shuɗi ne, ina jira."

In kun bi ta wajen, ku duba kusurwar allon ta sama daga dama. Akwai wasu 'yan sanduna biyu a tsaye, alamar da wasan ke nunawa in an dakatar da komai. Saaka bai san ta ba, shi ya sa bai goge ba. Duk faɗin allon nan, ita da rumfar Mma Sanatu ne kaɗai ba su yi wa kowa ƙarya ba.