Ɗantani da Shuɗin Furen Inna

A wani ƙauye bisa tudun Mambila, inda sanyi ba ya ɗaga ƙafa, akwai gidan Tasalla da ƙanenta Ɗantani, mutum mai furfura a gemu, wanda duk abin da aka faɗa masa shi zai aikata, ba ragi ba ƙari. Mahaifiyarsu ta rasu ta bar musu wani fure a tukunya, shuɗi mai bazazzen baki, irin na ƙasashen tsaunuka, wanda ganyensa kan bushe, saiwarsa ta sake tohowa shekara bayan shekara. Babu irinsa a duk yankin. Tasalla ta yi wa Inna alkawari ba zai mutu a hannunta ba, sai dai ciwon gwiwa ya tilasta mata dogara da Ɗantani.

Wata rana ta ce masa, "Furen nan rana yake so. Kai shi inda take." Ɗantani ya ɗora tukunya a ka, ya yi gabas. Da rana ta karkata, ya juyo ya bi ta yamma. Bayan magariba ya dawo da saiwa a tafin hannu, tukunya ta fashe a kan duwatsu. "Yaya, na kusa cim mata, sai ta faɗa bayan dutse." Tasalla ta yi faɗa har muryarta ta dishe, sannan ta sa aka dasa furen a ƙasa.

Wata rana kuma, da ciyawa ta kewaye shi, ta ce, "Duk abin da ba fure ba ne, ka cire." Da ta dogara sanda ta fito, sai ta tarar da kara tsirara, shuɗin kai guda yana lilo a samansa, ganye kuwa an tara shi gefe a tsanake.

"Wane ne ya ce ka tsige ganyen?"

"Yaya, ganye fure ne?"

Ta ɗaga sanda, gwiwa ta hana ta ƙarasawa.

Wata rana, bayan sabon ganye ya fito da ƙyar, ta zaunar da Ɗantani a gindin furen. "Kada akuya ta taɓa shi. Ka ji ko ba ka ji ba?" Ya ce ya ji. Ya kori akuyoyin unguwa kaf, da jifa da tsawa. Tunkiyar maƙwabta kuwa ta zo ta cinye furen har ƙasa, shi kuma yana riƙe mata igiya don kada ta harɗe.

"Ai na duba da kyau, Yaya. Tunkiya ce."

A nan haƙurin Tasalla ya ƙare. Ta dubi kututturen, ta tuna fuskar Inna, idanunta suka cika. Cikin ɗacin rai ta ce, "Tunda ka gama da shi, sai ka tone saiwar ma, ka daddatse ta, ka bi gidan nan kana binnewa, kowa ya huta." Ta shige ɗaki ta rufo ƙofa. Ɗantani ya ɗauko fartanya da wuƙa.

Ta daina yi masa magana, tuwo ma turo masa take da ƙafar sanda. Da ruwa ya zauna, sai ga toho a bakin rijiya, a bayan rumbu, har a ƙofar madafa, domin kowane guntun saiwar furen nan tsiro ne. Kafin damina ta fita, tsakar gida ta yi shuɗi fal.

Tasalla ta tsaya a tsakiyar furannin ta rasa inda za ta kafa sanda. Ta buɗe baki za ta yi faɗa, ba ta sami laifin kamawa ba, abin ya ƙara ba ta haushi.

"Yaya, yanzu me zan yi musu?"

Ta daɗe tana auna kalmominta.

"Kada ka yi musu komai."

Ɗantani ya bi wannan umarni kamar yadda ya bi sauran, furen Inna kuwa bai taɓa samun mai kula irinsa ba.