Ranar da Biri Ya Kwance Mini Ƙulli

Har yanzu in na ji motsi a bayana sai gabana ya faɗi, amma ni na jawo wa kaina.

Gwaggona ce ta tafi da ni tsibirin Bali in taya ta riƙon kaya. Da za mu shiga dajin birai, mai yi mana jagora ya ce kada kowa ya shiga da abinci. Na ce a raina, ni da na tashi a Ƙofar Gayan ina kallon biri da wando yana rawa? Ƙuli-ƙulin da na ƙulle a haɓar mayafina kuwa, ai abin taɓa baki ne, ba abinci ba.

Ko taku goma ban yi ba, wani ƙato ya dira a kafaɗata. Ya ja mayafi, na ja, ina salati, don ba ɗankwali a kaina, kitson kuma ya yi wata biyu.

"Gwaggo, ki cece ni!"

"Tsaya haka, 'yar nan, kada ki motsa," in ji ta, tana saita waya.

Ya haye bishiya da mayafin, ya kwance ƙullin a tsanake kamar tsohuwa. Ni ko na kifa jaka a ka.

Kafin mu dawo Zariya bidiyon ya zaga dangi. Yau ko gidan suna na shiga, sai wata ta ce, "Lale da ta Bali! Ya kika baro mutanen naki? Sun ce a ƙaro ƙuli?"