Fasto, Ina Garken Yake?

Kwana huɗu ke nan tsohon malamin dabbobi bai leƙa ko bakin titi ba. Jikarsa, wadda ke cikin mawaƙan coci, ta same shi a ɗaki ya saki labule, ya ba taga baya.

"...lafiya ƙalau, amarya. Turo ƙofar nan, kar a gan ni."

"Wa ya rage bai gan ka ba, angona? Ai ranar Lahadi kowa ya ƙoshi da kallo. Sannu da aiki, likita."

"In tsiya kika kawo, koma da abarki. Na sake ki."

"Saki na nawa ke nan? Tsoho da haƙori uku, wa zai kwashe ka in ba ni ba? Fasto ne ya aiko ni. Ya ce ajin yara na jiran malaminsu."

"Fasto ya cuce ni. Cewa ya yi, 'Baba, daga Lahadi kai za ka kula mana da 'yan ragunan ikilisiya.' Shekara talatin da biyu ina yi wa dabbobi allura. A ce mini raguna, me zan ɗauko? Alli?"

"Sai ka faɗo ana tsakiyar sanarwa, da dogon takalmin roba, da jakar allurai, da galan na maganin tsutsa. Ka buɗe murya, 'Fasto, ina garken yake?'"

"Ya isa."

"Ya nuna maka yara ashirin da uku jere a benci. Da suka hango allurar, biyu suka shige ƙarƙashin tebur, ɗaya ya jiƙa wando."

Tsoho ya rufe fuska da hula. "Na ce ya isa, mai bakin reza."

"Kai da kake karatun Littafi Mai Tsarki kowace safiya! Inda aka kira mu tumaki, ashe ka ɗauka ciyawa ake so mu ci? Shi ya sa haƙoran suka ƙare."

"Ukun da suka rage sun fi hankalinki yawa." Ya sauke hular a hankali. "Na san ma'anar, yarinya. Da bakina na sha yi wa wasu bayani. Shekara shida da na bar aiki, ko kaza ba wanda ya kawo mini in duba. Da na ji raguna, murna ce ta toshe mini kai. Har wanke allurai na yi da ruwan zafi."

Jikar ta shiga murza bakin gyale. Shi kuwa ya dube ta ta saman tabarau.

"Af, ke kuma me ya hana ki zuwa koyon waƙa jiya?"

"Mura."

"Mura mai wutsiya? Mai gadin coci ya tsaya nan bakin taga, ya ba ni labari tas."

"Kaka, don Allah..."

"Yau kuma Kaka ne, ba ango ba? Bawan Allah ya ce muku, 'Akwai maciji a ɗakin mawaƙa, ku yi hattara.'"

"Da ka ji yadda ya rage murya! Ga shi makon nan aka yi mana wa'azi a kan macijin da ya ruɗi mace ta fari."

"Ya rage murya ne don kar ku tattake juna. Ke kuwa babbar mai fassara, kika ce kin gano wa ake nufi. Kika tsare shugabar mawaƙanku a gaban kowa, wai ita ke kai gulmarku wurin Fasto, macijiya, asirinta ya tonu."

"Wayyo ni."

"Aka ja akwatin rigunan waƙa, sai ga mutumin a naɗe, yana fasa kai. An ce ke kika fara hawa kujera, da wa'azin a bakinki."

Ta zame ta zauna a ƙasa, ta cusa kai tsakanin gwiwoyi. "Matar nan ita ta koya mini waƙa tun ban iya ɗaura zane ba. Dubana kawai ta yi. Gara ta mare ni."

"Ni an ba ni mutane na nemi dabba, ke an nuna miki dabba kika kama mutum. Wane irin gida ne wannan?"

"Gado na yi."

"Ƙarya kike, nawa bai zagi kowa ba." Ya dafa gwiwa ya miƙe. "Tashi. Ki raka ni gidan yaron da na tsorata, ni in raka ki gidan shugabarki."

"Wa zai fara magana?"

"Ni. An gama yi mini dariya, taki ce sabuwa."

Dariya ta kufce mata da hawaye a ido. "Na sallama, tsoho, yau ka ci. Amma ka shiga gaba. In ta buɗe ƙofa, bayanka zan ɓuya."