Iya Kuluwa a Sansanin Hutu

Akwai wata tsohuwa a Rafin Gora da ake kira Iya Kuluwa. Gidanta ne na uku daga bakin kasuwa, kuma duk wanda ya taɓa sayen daddawa a garin ya san hannunta, ya kuma san bakinta. Ɗanta na fari, Lurwanu, injiniya ne a birni. Yana da 'ya'ya biyu, Muhsin ɗan shekara goma, da ƙanwarsa wadda aka sa wa sunan tsohuwar, ake ce mata Takwara. Shekara huɗu ke nan duk dogon hutu Iya tana aika saƙo a kawo mata jikokinta, ana ce mata sai baɗi. Bana ta sa rai sosai. Ta sa aka yi wa ɗaki sabon daɓe, ta sayi tabarma, ta ware zabi biyu ta hana kowa taɓawa. Sai ga waya daga birni, wai an kai yaran wani wuri da ake kira sansanin hutu, inda ake ajiye yara makonni ana koya musu zaman ƙauye.

"Zaman me?" in ji Iya.

"Zaman ƙauye, Iya. Daka, ɗibar ruwa, tatsuniya, duk akwai. Kuma a tsare, ba kara zube ba."

"To ni a Ingila nake zaune?"

Lurwanu ya yi dariya, ya ce ba za ta gane ba sai ta gani. Ya ce Asabar mai zuwa ce ranar ziyarar iyaye, zai aiko da mota a ɗauko ta. Da yake yana da tabbacin abin da ya zaɓa wa 'ya'yansa, har ya ƙara da cewa, "In yaran da bakinsu suka ce za su bi ki, sauran mako ukun naki ne."

"Na riƙe ka a kan wannan," in ji Iya. Ba ta kiran sunansa, don ɗan fari ne. Da "kai" take kiransa, in kuma ya ɓata mata rai ta ce "kai wannan."

Ranar Asabar da hantsi mota ta sauke ta, Lurwanu yana jiranta a bakin sansanin. Katanga ce doguwa mai waya a samanta, da ƙofar ƙarfe, da mai gadi. Aka rubuta sunanta, aka rataya mata kati a wuya, aka fesa mata wani abu mai sanyi a tafin hannu. Ta shinshina ta ce, "Ƙauyen nan da tsaro yake. Namu ko akuya ba a tambayarta daga ina take."

Shugabar wurin ta fito tarbarsu, wata Madam Zinatu, da usur rataye a wuya da fayil a hammata. Ta rusuna kaɗan ta ce, "Sannu da zuwa, Mama. Yau za ki ga gargajiya tsantsa."

"Ina jikokina?"

"Rukuninsu yana cikin shiri, ba ma katse shiri. Bari mu zaga da ke tukuna."

Aka fara da rijiya. An yi mata baki na laka mai kyau, har da zane. Yara shida suna layi, kowa sanye da irin rigar nan mai ruwan lemo da ake sa wa masu shiga kwalekwale. Iya ta dafa ta leƙa, ta daɗe tana leƙawa. Ƙasan rijiyar shuɗi ne, roba ce, ana ganinsa tas.

"'Yar nan, gaba nawa ce rijiyar?"

"Iya ƙugun babba ce, Mama, saboda kiyaye haɗari. Tanka ke cika ta duk Litinin."

"Ruwan da suka jawo fa, wa ke sha?"

"Ba a sha. Muna mayar da shi ciki saboda rukuni na gaba."

Iya ta gyaɗa kai a hankali ta ce, "Madalla. An koya musu wahalar, an ɓoye musu amfaninta."

Lurwanu ya yi gyaran murya ya ce, "Iya, atisaye ne."

Suka wuce wajen daka. Turame huɗu ne jere a ƙarƙashin rumfa, 'yan mata suna ɗaga taɓarya suna saukewa, kowacce da hular kwano da safar hannu. Abin da ya tsayar da Iya shi ne shiru. Ana daka, amma ko motsi ba ka ji. Ta karɓi taɓarya ɗaya ta juya, sai ta ga an naɗe bakinta da soson katifa an ɗaure da roba.

Madam ta yi saurin bayani. "Maƙwabta ne suka yi ƙorafin ƙara."

Iya ta sa hannu cikin turmin ta ɗebo abin da ke ciki, ta murza tsakanin yatsu. "Tun yaushe geron nan yake nan?"

"Tun buɗe sansani, mako uku ke nan. Shi muke ta amfani da shi."

"Allah sarki. Ko ɓarawon da aka kama a kasuwa ba a yi masa dukan mako uku."

Wata malama da ke tsaye ta toshe baki ta juya baya. Madam kuwa ta yi kamar ba ta ji ba, ta hura usur. Nan take 'yan matan suka ajiye taɓare, suka zaga turmi sau uku suna tafi, sannan suka durƙusa suka ce wa turmin sai gobe.

"Wannan kuma fa?"

"Tsohuwar al'adarmu ce a sansanin nan," in ji Madam, tana ɗaga kai. "Ba a barin turmi sai an yi masa sallama."

"Tun yaushe kuke yi?"

"Tun bara waccan."

"Lallai ta tsufa. Takalmin nan nawa ya girme ta da shekara biyu."

Lurwanu ya matso ya yi ƙasa da murya. "Iya, don Allah. Mutanen nan ƙwararru ne, har ƙasashen waje suka je suka ga yadda ake yi."

"Na ga alama. Rafin Gora ne kawai bai samu shiga hanyarsu ba."

Daga nan aka nufi wani babban ɗaki mai rufin ciyawa a sama da na'urar sanyaya wuri a ƙasa. Madam ta tsaya a ƙofa ta rage murya, ta ce nan ne zuciyar sansanin, ɗakin tatsuniya, kuma jikokin Iya suna ciki. Ta roƙe ta ta zauna a baya, kada ta yi magana sai an gama.

Iya ta ɗaga kai ta dubi rana. "Tatsuniya da hantsi?"

"Mun saki labule, Mama."

Ai kuwa an saki. Ciki duhu ne, an kunna farin wata na lantarki a jikin silin, ga kukan gyare yana fitowa daga lasifika. Yara kamar talatin suna zaune a kan darduma. Iya ta zauna a kujerar baya ta ƙura ido har ta gano ƙeyar Muhsin, da kitson Takwara a gefensa. Yarinyar ta yi tsawo. Iya ta buɗe baki, ta tuna an hana ta, ta mayar ta rufe.

Sai aka buɗe wata ƙofa, wata tsohuwa ta shigo a duƙe tana dogara sanda, tana tari. Yara suka haɗa baki, "Sannu, Kaka."

Iya ta ji muryar jikokinta a ciki. Ta gyara zama ta dubi wannan kaka da kyau. Furfurar hoda ce, har tana zuba a kafaɗa. Tamojin fuskar da abin zana gira aka yi shi. Hannun da ke riƙe da sandar kuwa sumul yake, farata dogaye an shafa musu jan launi. Yarinya ce da ba ta wuce ashirin da uku ba.

"Kai wannan," Iya ta ce cikin raɗa, "wace ce waccan?"

"Kakar sansani ce, Iya."

Iya ta harɗe hannuwa ta jingina da kujera.

Kakar sansani ta zauna, ta ɗora faifai a cinya. A cikin faifan waya ce, haskenta yana dukan haɓarta. Ta fara karantawa tana karkaɗa murya. Labarin wani kurege ne da ya shiga rumbun kura ta wata 'yar kafa, ya ci gyaɗa har ciki ya kumbura, kafar ta ƙi fitar da shi. Yana cikin kokawa sai ya ji takun kura tana dawowa. Yara suka yi tsit. Kakar ma ta yi tsit. Ta dangwali wayar, ta sake dangwala, ta ɗaga faifan sama ta karkata shi wajen taga.

"Kaka, sai me ya faru?" in ji Muhsin.

"Ku dakata, jikokina," in ji ta, ta ma manta da karkaɗa muryar. "Sabis ne ya ɗauke. Labarin yana juyawa."

Yara suka fara mutsu-mutsu. Wani ya ce shi dai kada kura ta cinye kurege. Sai aka ji wata murya daga baya, ba ta da ƙarfi, amma ta cika ɗakin.

"Ai kurege bai yi ƙaryar mutuwa ba, don ya san kura mushe take so. Ja da baya ya yi zuwa tsakiyar rumbu. Kun san rumbu, in ka yi magana a cikinsa muryarka takan zama ta ƙato. Sai ya ce, 'Yauwa, ga ta nan ta iso. Ku bar ta ta sako kai tukuna, ku masu wuƙa ku tsaya ta dama.'"

Kawuna talatin suka juya baya. Takwara ta yi tsalle ta ce, "Iya!" ta tsallake yara ta faɗa jikinta, Muhsin yana biye. Iya ta rungume su da hannu ɗaya, ɗaya hannun kuma tana nuna yadda kura ta yi turus, yadda ta tambaya cikin rawar murya su nawa ne a ciki, yadda kurege ya riƙa amsa sunaye da murya iri-iri. Ta yi musu waƙar da kura ta riƙa rerawa tana gudu, yara suka karɓa. Kafin a kai ƙarshe duk sun bar darduma sun kewaye kujerar baya. Kakar sansani ma ta miƙe tsaye sak, ta jingine sanda, ta matso tana saurare.

Da aka gama, Iya ta shafa kan Muhsin ta ce, "To, angona, ga ubanku nan. Nan za ku ƙarasa hutu, ko Rafin Gora?"

"Rafin Gora," suka ce tare. Takwara ta ƙara da tambaya, "Iya, rijiyarki tana da zurfi?"

"Gaba goma sha biyu. Kuma abin da kika jawo shi za ki sha."

Nan Madam ta hura usur, aka kashe wata, aka kunna fitila, gyare ya yi shiru. Fuskarta a ɗaure ta tsaya gaban Lurwanu, ko kallon tsohuwar ba ta yi ba.

"Injiniya, an karya mana ƙa'ida. Ba kowa ke yi wa yara magana a ɗakin nan ba. Kuma shawarata, kada ka cire su ana tsakiyar shiri ka miƙa inda babu tsari. Tarbiyyar yaran zamani ilimi ce, ba a yin ta da ka."

Sauran iyaye suna tsaye a bakin ƙofa suna kallo. Lurwanu ya sosa ƙeya, ya dubi Madam, ya dubi mutane, ya juya makullin mota a hannu. "Iya, kin ji fa. Ko a bari su ƙarasa, in ya so baɗi..."

Ganin ya fara karkata, Madam ta samu ƙarfi. Ta buɗe fayil ta zaro wata takarda mai hatimi ta ɗaga sama. "Kakarmu da kike gani, Mama, sai da ta yi kwas na wata uku a kan yadda ake zama kaka. Ga takardar shaidarta. Ke ina taki?"

Iya ta miƙe a hankali. Ta cire katin da ke wuyanta ta ajiye a kan kujera, ta kama hannun Muhsin da na Takwara, ta nufi ƙofa. Da ta zo daidai ɗanta sai ta tsaya, ta nuna shi da haɓa.

"Ga ta nan tsaye kusa da ke, shekararta arba'in da huɗu. Ban ce na ci da kyau ba: uwarsa na raye yake hayar kaka."